Tuffar Sansani na Sha Huɗu

Akwai bishiyar tuffa a bayan rumfar janareta.
Ba wanda ya dasa ta.
Wani ne cikin 'yan zuwan fari
ya ci, ya tofar da ƙwayar a gindin katanga,
tun ana ce musu wata shida za a yi a koma gida.
Bana ta yi 'ya'ya.
Ni da Miron muka ƙirga, talatin da ɗaya,
muka dawo bakin aiki ba mu ce wa juna uffan ba.

Daga nan sama, hanyar Salang siririya ce kamar zare,
motocin mai na bin ta a jere, suna tari.
Mu ne masu gadinta.
Ita kuwa ban san wa take yi wa aiki ba.

Ƙauyen can ƙasa mai kurangar inabi,
sau huɗu muna cin sa da yaƙi.
Sau huɗu Kyaftin Dorenko na zagaye shi da jan fensir,
har taswirar ta huje a wurin.
Da rana namu ne, a gaishe mu, mu sayi kankana.
Magariba na yi, ya koma hannun masu shi.

Sajan Almas, wanda wannan ne zuwansa na biyu,
ya san Gulab tun bai kai tayar mota tsawo ba,
yana bin ayari da taba da cingam.
Bara gemu ya fito masa.
Bana ba a ganin sa a kasuwa.
In aka yi harbi daga dutsen gabas
sai sajan ya karkata kunne, kamar mai neman gane murya.

Duk Alhamis jami'in wayar da kai zai hau mana
da jaridar da ta kwana ashirin a hanya,
ya ce abokan gaba suna numfashin ƙarshe.
Wannan numfashin aka faɗa wa yayana Ilshat
shekara biyar da suka wuce,
kafin ya koma ƙauyenmu a bakin kogin Kama da ƙafa guda.
Wane irin huhu ne da mutanen nan?

Tsohon da ke sayar mana da itace bai taɓa zagin mu ba.
Kallon raɓa yake mana.
Ya san rana za ta fito.

Jiya, gadin tsakar dare, ƙanƙara na cizon yatsu,
Miron ya ce, “Rinat, in mun ci, da me za mu gane?
Tuta za a kafa? A kan wane dutse?
Bayan kowanne akwai ƙanensa.”
Na ce masa rufa mana asiri, dare na da kunne.
Ya ce, “Ba tsoro nake ji ba.
Lissafi ne ya ƙi fita.”

Na rubuta wa innata cewa makaranta muke ginawa,
abinci na isar mu, iska na da kyau.
Ban rubuta mata Yuhim ba,
da aka rufe a akwatin tutiya aka liƙe da dalma,
aka hana uwarsa buɗewa,
aka hana dutsen kabarinsa faɗin inda ya faɗi.

Saura mini kwana ɗari da tara.
Wanda zai gaje gadona yanzu yana aji,
wataƙila yana zana jirgi a bayan littafi.

Yau da safe muka tsinki tuffar.
Tsami kamar me, amma mun cinye.
Na tara ƙwayar a baki zan tofar,
Miron ya riƙe mini hannu.
Ya ce, “Ba a nan ba.
Sa a aljihu.”